Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ni da Kod ɗin F

A makon jiya na tsaya a inda kan yatsuna suka yi kanta, tsirkiyar ƙarfe ta jita ta daina yanka ni. To, daga nan ne na faɗa wani ruɗi da ya ci mini wata takwas.

Ranar hutu sai in rungumi jita tun safe har yamma, sauran kwana shida tana jingine tana shan ƙura. Abin da nake kaɗawa kuwa bai wuce G, C, D da Em ba, kod huɗun da na riga na iya (kod shi ne tsarin danna tsirkiyoyi da yatsu don su yi sauti tare). Ina ta maimaita su, ina jin daɗin kaina. Da na iso F sai in tsallake. Duk wanda ya taɓa jita ya san halin F: manuniya ce za ta kwanta ta danne tsirkiya shida a gaɓar farko, sauran yatsu uku kowa na neman mazauninsa. Nawa ba ya fita, sai wani gunji kamar an shaƙe kaza.

Ran nan malamina ya saurare ni, ya ce, "Wai me kake so ka iya ne?"

Na ce, "So nake in zama gwani, Malam."

Ya yi dariya. "Gwanin me, kuma zuwa yaushe? Ni dai ga abin da zan ba ka: daga C zuwa F, minti 15 kullum, har wata guda."

Raina bai so ba, wallahi. Mai awa shida a ce masa minti 15! Amma na sa metronom, abin da ke bugawa a kai a kai don riƙe lokacin kiɗa, a waya, bugu 60 a minti, duk bayan bugu huɗu in sauya. Da an gama sai in kashe shi, in ƙirga sauyi nawa zan yi cikin minti ɗaya, in rubuta. Ranar farko tara na samu, uku ne kawai masu tsabta.

A wannan tafiyar hawainiyar ne na ga abin da gaggawa ta ɓoye mini. Ashe babban yatsana leƙowa yake ta saman wuyan jitar. Na mayar da shi baya, na ɗan karkata manuniya ta danna da gefenta mai ƙashi, sai tsirkiyar B, ta biyu daga ƙasa, da ta daɗe a mace ta yi kuka tar. Na sake bugawa sau biyar don in tabbatar ba kunnena ne ke yaudarata ba.

Mako na uku na kai 28, sai zalama ta taso, na ɗaga bugun zuwa 100. Komai ya wargaje, wuyan hannuna ya yi tsami, na yi kwana uku ban taɓa jitar ba. Da na koma, ba kunya na mayar da shi 60.

Ranar da wata ya cika Malam ya ce in kaɗa a gaban ɗalibansa. Yadda hannuna ya yi a ranar, sai mako mai zuwa.