Auna laifi tsakanin ƙasashe: a tambayi wanda abin ya shafa

Wanda ya jera alƙaluman 'yan sandan Suwidin da na Faransa ko Japan don ya gano inda aka fi aikata laifi, yana auna hatsi ne da mudu daban-daban. A Suwidin, idan mace ta kai ƙarar cewa mijinta ya yi mata fyaɗe sau da dama, ana rubuta kowane karo a matsayin laifi guda. A Ingila kuwa, idan laifuka da yawa suka auku lokaci ɗaya, mafi girmansu ake ƙirgawa. Ga kuma laifukan da ba su taɓa isa caji ofis ba.

Wannan ya sa a 1989 masana harkar laifi uku, Jan van Dijk na Holan, da Pat Mayhew ta Birtaniya, da Martin Killias na Suwizalan suka fara binciken da ake kira ICVS, wato binciken ƙasa da ƙasa kan waɗanda aka yi wa laifi. Aka ajiye kundin 'yan sanda gefe, aka koma tambayar jama'a kai tsaye, tambayoyi iri ɗaya a kowace ƙasa. An sake yin sa a 1992, 1996, 2000 da 2004 zuwa 2005.

Ana zaɓar kimanin mutum 2,000 a kowace ƙasa, 'yan shekara 16 zuwa sama, yawanci a yi musu tambaya ta waya. Mutum ɗaya ake ɗauka a gida, kuma zaɓensa ake yi ta hanyar ƙuri'a, don in aka tsaya ga duk wanda ya ɗaga waya, masu yawan zaman gida za su rinjayi sakamakon. Ba a amfani da kalmomin shari'a. Ba za a ce "an yi maka fashi?" ba, sai a ce "wani ya taɓa ƙwace maka abu da ƙarfi ko da barazana?" Ana fara tambaya kan shekara biyar da suka wuce, sannan a taƙaita zuwa bara. Dalilin wannan dabara shi ne ɗan Adam yana jawo abin da ya ƙona masa rai kusa: satar da aka yi masa shekara biyu baya sai ya rantse bara ce. In an ba shi fili ya faɗe ta tun farko, ba zai cusa ta inda ba ta dace ba.

A zagayen 2000, a cikin ƙasashe 17 masu ci gaban masana'antu da aka kwatanta, Ostireliya, Ingila da Wales, Holan da Suwidin ne a sama: kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko fiye ya ce an yi masa laifi a cikin shekara guda. Japan, Fotugal da Ireland ta Arewa suna ƙasa, wajen kashi 15 cikin ɗari. Amurka, da kowa ke zaton ita ce kan gaba, tana tsakiya.

A nan ne nake ganin masu yaɗa labari suka fi yin ɓarna. Jimillar tana ɗaukar satar keke da duka da makami a matsayin abu ɗaya. Holan ƙasar kekuna ce, don haka satar keke kaɗai tana ɗaga ta sama. Kisan kai kuwa ba ya cikin lissafin, domin mamaci ba ya amsa waya, kuma a wannan fannin Amurka ta ninka ƙasashen yammacin Turai sau da yawa.

Sai matsalar ƙarancin adadi. Laifin da ya shafi kashi ɗaya cikin ɗari, a cikin mutum 2,000, mutum 20 ke nan. Biyar su ƙaru ko su ragu, ƙasa ta tsallake matakai da dama a jerin. Marasa matsuguni da fursunoni ba a kai gare su, alhali suna cikin waɗanda aka fi cuta.

Batun cin zarafin mata ya fi kowanne wuya. Inda aka saba magana a kansa a fili, mata sun fi faɗa. Inda kunya ta yi yawa, ko mai laifin yana zaune a ɗakin lokacin da wayar ta shigo, amsar "a'a" ce, sai ƙasar ta fito kamar lafiya lau.

Abin da binciken ya fi nunawa da ƙarfi shi ne wane laifi ake kai wa hukuma. Satar mota kusan duka ana kai ƙara, saboda kamfanin inshora ba ya biya sai da takardar 'yan sanda. Duka da barazana kuwa ƙasa da rabi ne ke isa gare su, cin zarafin mata ma bai kai haka ba.