Neman Sawun Kakanni Wanzamai: Daga Kurmi Zuwa Ƙasar Bichi

Kafin in bar gida na zauna da tsofaffin mata na dangi, domin su ke riƙe da laƙabi. Tsohuwa ba ta kama sunan mijinta ko na surukinta, kuma "Audu Wanzami" akwai shi kusan a kowane gari. Abu uku na rubuta: laƙabin kakan, irin zanen da ke fuskar 'yan gidan, da zamanin da aka ce ya yi aski.

Zamani ba da shekara ake faɗinsa ba, da abin da ya faru ake. In an ce lokacin Sarkin Kano Abbas, tsakanin 1903 da 1919 ke nan. Abdullahi Bayero kuwa 1926 zuwa 1953. Yunwar 'Yar Buhu ta 1927 ma ma'auni ce mai kyau.

Zango na farko Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Muhammadu Rumfa. Masu sayar da saiwoyi da sassaƙe sun san wanzaman da ke sayen bagaruwa a wurinsu, su suka nuna mini hanyar gidan Sarkin Aska. A nan aka ba ni shawarar da ta fi kowace amfani: kada ka nemi gidan wanzamin, nemi gidajen da yake yi wa aiki. Wanzanci gado ne ta ɓangare biyu. Gidan da kaka ya yi wa askin suna da kaciya, ɗansa ne zai ci gaba da yi musu, don haka su ne shaidu.

Daga tashar Ƙofar Ruwa na hau motar Bichi, daga can babur zuwa ƙauye. Ƙofar mai unguwa ake fara zuwa, da goro a hannu. Wanda ya tsallake shi, gaisuwa kaɗai zai samu.

Zabirar da aka fito mini da ita ta fi kowace takarda magana. A ciki akwai asake kala-kala, da dutsen washi, da ƙahoni, da ɗan ƙarfe mai lanƙwasa na cire belu. Dattijon gidan ya nuna yadda ake ƙaho: a jiƙa wurin, a kafa ƙahon, a zuƙe iska ta ƙaramar ƙofar sama, a toshe da kakin zuma. Fata ta taso, sai a cire, a yi tsaga ƙanana, a sake kafawa jini ya fito. In bakin ƙahon ya tsage ko wurin da gashi, iska za ta shiga, ba zai kama ba. Kaciya kuwa da hunturu suke yi saboda ciwo ya fi saurin bushewa, a barbaɗa garin bagaruwa. Aska ɗaya ga yara da yawa ita ce babbar illar aikin a zamanin da, shi ya sa yanzu da yawansu suka koma sabuwar reza ga kowane yaro.

"Baba, wane magani ake haɗawa don tsayar da jini?" Da na yi wannan tambaya sai hira ta yi sanyi. Laƙani sirrin gida ne, baƙon da ya fara da shi za a ɗauka sata ta kawo shi. Tambayar da ke buɗe baki ita ce: wa ya koya wa wa?

Na ƙarasa Kaduna, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, don duba rahotannin tsarin haraji na zamanin Turawa. Suna lissafa masu sana'a a gunduma, har da wanzamai, amma yawanci adadi ne ba sunaye ba. Amfaninsu shi ne tabbatar da sunan ƙauye da hakimin lokacin. A nemi ƙauyen da rubutu iri biyu ko uku, domin Bature yadda kunnensa ya ji yake rubutawa.