Tarihin Rayuwata, Kashi na 5: Takardar Haihuwa

Salamu alaikum 'yan uwa, makon jiya mun tsaya inda na shiga CM2, ajin ƙarshe na firamare, toh bari mu ɗora.

Ni dama albarkacin sanarwar shekarar 2000 na shiga lekol, lokacin da shugaban Kamaru Paul Biya ya ce an soke kuɗin firamare ta gwamnati. Baba ya ce tunda kyauta ce a kai ta. Ashe da sauran rina a kaba, ga kuɗin APE na ƙungiyar iyaye ga littattafai ga alli, duk Inna ce ke cikewa da ribar ƙosan da nake zagawa da shi cikin Hausare a nan Garwa kafin a buga ƙararrawa.

Ran nan direkta ya shigo aji ya ce duk mai son zana CEP, wato jarabawar gama firamare, da jarabawar shiga sakandare ya kawo takardar haihuwa. Wlh ni ban ma san ana yi wa mutum ita ba. A gida aka haife ni, ungozoma ta yanke cibiya aka yi suna shikenan. Yaya kuwa yana da tasa, Baba da ƙafarsa ya je ofishin magajin gari tun yana jariri, wai namiji watarana zai nemi katin ɗan ƙasa. Mace fa? Ai gidan miji ba a tambayar takarda.

Kuma in lokacin rajista ya wuce sai ta kotu, likita ya duba ki ya ƙiyasta shekarunki, a kawo shaidu a sayi tambur a yi ta sintiri kafin alƙali ya sa hannu, wa zai bar kasuwarsa ya yi wa 'ya mace wannan wahalar? 'Yan matan ajinmu da yawa a nan karatunsu ya tsaya, wasu sun fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Shi ya sa har yau in na ji manya a rediyo suna batun daidaita mace da namiji a ilimi sai in ce don Allah ku fara da wannan takardar.

Bayan isha na durƙusa na ce, "Baba, direkta ya ce a kawo takardar haihuwa."

Ko kallona bai yi ba. "Ke da Gwaggonki ta riga ta kawo maganar ɗanta? Karatun ya isa haka."

Inna tana bakin murhu ba ta ce uffan ba. Da asuba sai ji na yi tana taɓa ƙafata, wai in sa hijabi za mu unguwar Yelwa wurin Kawu, kuma kar in kuskura Baba ya ji motsinmu.

Abin da Kawu ya ce mana sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.