Shekara huɗu ina shan deksa, ashe asma gare ni

Ƙannena, musamman ku da ke aiki cikin ƙura, masu ɗaukar buhu a kasuwa da 'yan kabu-kabu da 'yan mata masu hura wuta safe da yamma, ku tsaya in ba ku labarin abin da na yi wa kaina da hannuna, don har yau in hunturu ya kama na ji yaro na tari cikin dare hankalina tashi yake.

Ina da shekara 19 na fara zama shagon yayana nan Maradi, hatsi da gujiya muke saidawa. Duk sanda anka zazzage buhun gero ƙaiƙayi ya tashi, sai hanci ya kama zuba, atishawa ba iyaka, ido ya yi jajir. Da rana da sauƙi, wajen ƙarfe uku na dare ne ake yin ta, ƙirji ya ɗaure kamar an aza min buhu, numfashi na fita da wani kuka fiii kamar ɗan kyanwa. Gida anka ce sanyi ne, ni ma na ce sanyi ne.

Wani mai tallan magani a tire ya ba ni 'yan ƙananan ƙwayoyi, deksa, wato deksametazon, ya ce sha ƙwaya biyu ka gani. Wallahi na gani, ƙirji ya buɗe na yi barci, to daga nan shi ke nan, shekara huɗu kullum tana aljihuna. Fuska ta cika ta yi kumburi, abokai na cewa kai ka samu kuɗi ka yi ƙiba, ni kuwa ƙafafuna sai ramewa suke, ɗan ƙurji in ya fito sai ya yi sati da sati bai warke ba. Sai daga baya lokotoro ya faɗa min cewa deksametazon in an daɗe ana sha tana hawar da suga da jini, tana cin ƙashi, tana karya garkuwar jiki, kuma wanda ya daɗe a kanta ba ya yanke ta rana ɗaya, a hankali ake rage masa ƙarƙashin kulawar likita. Wanda ke sha yanzu ya riƙe wannan da kyau.

Akwai wata malamar asibiti a unguwarmu da ta taɓa ce min je a duba ka, wannan asma ce, a ba ka maganin shaƙawa. Na ƙi. Na ji ana cewa in ka fara shaƙa ba ka rabuwa da shi har mutuwa, kuma kunya nake ji a gan ni da shi cikin samari. Ƙarya ce tsagwaronta, ba ya kama mutum, ciwon ne ke nan yana neman magani.

Daren da asiri ya tonu hazo ya rufe gari kwana uku, an kunna maganin sauro na hayaƙi a ɗaki. Na tashi ban iya kiran sunan yayana in ƙarasa ba, "Ya... ya" kawai nake. Shi ya ce min leɓena ya canza kala, fatar tsakanin haƙarƙarina na lotsawa ciki duk jan numfashi. A moto ya kai ni asibiti, wani na riƙe da ni ta baya. Anka sa min oksijin da abin nan mai turiri a hanci da baki, cikin mintoci na ji iska ta fara shiga. In kun ga waɗannan alamu ga kowa, ko ya shaƙa magani bai ji sauƙi ba, kar a jira asuba, kar a tsaya jiƙa komai.

Kwana biyar na yi. Anka yi min radiyon ƙirji, wato hoton ƙirji, anka ba ni ɗan gwangwani in tofa kaki don awon tarin fuka, tunda duk tarin da ya wuce sati biyu sai an duba wannan. Alhamdulillahi ba shi ba ne, amma na gadon kusa da ni shi ne, kuma maganinsa na wata 6 kyauta anka ba shi.

Na shaƙawa biyu anka rubuta min. Shuɗin, Ventoline, na buɗe ƙirji ne nan take, aikinsa kamar awa huɗu. Ɗayan kuma na kullum ne ko kana lafiya, shi ke kwantar da kumburin hanyar iska, ka kurkure baki bayan ka shaƙa. Nan ma na sake kuskure, da damina ta sauka na ji garau sai na aje na kullum ɗin, wai kar in kashe kuɗi a farmasi, hunturu na dawowa na koma gadon asibiti. Ashe ma ban iya shaƙar ba, a harshe nake fesawa. Malamar nan ce ta huda gindin robar ruwa mai rabin lita, ta cusa bakin abin, ta ce "ɗana, girgiza, fesa sau ɗaya, ja a hankali, riƙe numfashi ka ƙirga goma." Yanzu ba ni ke zazzage buhu ba, takunkumi na wuyana in hazo ya taso, gidan sauro ya maye gurbin hayaƙi, robar nan kuwa tana nan gefen katifata.