Na gida daban, na kasuwa daban

Asabar ce, kun san ranar ƙauye ce a wajenmu 'yan ƙungiyar da ke zuwa aiki da manoma. Tun bayan sallar asuba Sakatare ya addabi guruf da saƙo wai kowa ya hallara ƙarfe bakwai kar a yi lattin da aka saba, shi kuma gogan naku sai takwas da rabi ya ɓullo da motarsa tana tari. Ba wanda ya iya ce masa uffan tunda daga aljihunsa yake zuba mai, ba a taɓa mayar masa da ko sisi ba. Sanyi ya fara shigowa, hanyar Bichi duk hazo. Mun tsaya mun sha koko da ƙosai a bakin titi, Ma'aji na ta ba mu labarin rigimarsa da mai gidan haya, dariya har cikina ya ƙulle.

Mata sun fito sosai yau, har sun fi maza yawa. An gama roron wake, wasu gidajen har sun buge sun sheƙe. Ramin takin da samari suka haƙa ya yi yadda ake so, baƙi wuluk ba wari, Kawu sai damƙa yake yana nuna wa mutane. 'Yan gawon da aka bari a gonar gayya sun fara fitar da ganye, shi dai gawo kullum a juye yake, da damina ya kakkaɓe, da rani ya yi kore. Awaki sun yi wa wasu aski. Za a sake kewayewa da ƙaya.

Aikin yau na ajiyar wake ne, ni aka ba. Buhun PICS ɗin nan dai da nake ta damun ku da shi, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ka shanya waken ya bushe ƙarau, ka zuba, ka matse iskar ka ɗaure ledar farko, ka ɗaure ta biyu daban, sannan na wajen. Ƙwarin da ke ciki su da kansu suke shanye 'yar iskar da ta rage, daga nan sai su daina ci su daina hayayyafa su mutu, ba magani ko ɗigo. Mutanen jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da dabarar tare da masu bincike na Kamaru, daga 2007 aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu. In ɓera bai huda maka ba sai ka sake amfani da shi baɗi. Wanda ba shi da kuɗin buhu kuma nace jarka mai murfi ma tana yi in an cika ta taf an rufe gam, ko a gauraya da toka irin yadda kakanni ke yi. Maman 'yan biyu tace ita ai tun bara jarkar mai take amfani da ita, aka yi mata tafi. Ni kuma sai jin daɗi nake, har na ɗauki hotuna zan tura muku.

To a nan ne Baba, wani dattijon manomi a ƙauyen, ya yafito ni.

Yace Malama zo ki ga nawa ki sa albarka. Na bi shi har cikin gida muka gaisa da su Inna, ya nuna min buhu biyu na PICS a kan katako, an ɗaure su tsaf fiye da yadda na koyar ma. Nace masha Allah Baba, ai kai ya kamata ka tsaya gaban mutane ba ni ba. Muna fitowa ta wajen ɗakin da ke jikin zaure sai wani wari ya daki hancina, wanda duk ya taɓa fesa fiya-fiya a ɗaki saboda sauro ya san shi. Na leƙa, buhuna ne jibge har kusan rufi, irin buhun da aka saba. Nace Baba wannan fa? Yace kar ki matsa kusa Malama, wannan na kasuwa ne.

Haka ya faɗa kai tsaye, ba ɓoye-ɓoye ba jin kunya, har da ja ni baya don kar na shaƙa.

Nace Baba, Allah ya ba ka haƙuri, amma wanda zai saya shi ma ai ci zai yi, shi ma da yara. Yace ya sani. Yace zauna 'yata in faɗa miki. Buhun naku da kuɗi ake saye, ya ninka na gargajiya. In na kai Dawanau ɗan sari ba zai tsaya in kwance masa ɗauri uku ba, ƙarfen nan nasa zai soka ya zaro ya duba, shikenan ya huda leda, buhu ya tashi aiki. Ko bai huda ba, da buhun zai tafi, ba juyewa zai yi ya maido min ba. Kuma kuɗin da zai ba ni shi zai ba maƙwabcina da ya zuba magani, ko naira ɗaya ba zai ƙara min ba don nawa ba guba. In kuma na sayar yanzu da kaka kowa na fitarwa, a wulaƙance za a saya, dole in riƙe zuwa bazara, kuma wake ba ya jira, in ka bar shi haka ƙwari su mayar maka da shi gari. Ga bashin taki, ga auren ɗiyata.

Na kawo masa maganar Turai, nace Baba ka san tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda irin wannan maganin da suka riƙa samu a ciki ya wuce ƙa'ida, alhali duk duniya ba ƙasar da ta kai mu noman wake, Nijar ce ke bi mana. Ya yi murmushi yace Malama Bature bai taɓa taya wakena ba. Nace to ƙwayar maganin ƙwarin nan da ake cewa bom fa, dan Allah ko za a sa kar a sa a ɗakin da ke jikin inda ake kwana, iskar da take fitarwa kisa take. Yace wannan ya ji, shi ba ya ma amfani da ita tunda jikoki na shiga ko'ina.

Sai ya juyo da tambayar kaina. Ke naki a ina kike saya? Nace kasuwa mana. Yace in aka ajiye miki tiya biyu, ɗaya fes ɗaya da 'yan huji, wacce za ki ɗauka? Ban amsa ba, shi ma bai jira ba. Yace ku mutanen birni ku kuke son fes, kuma kuna son arha, mu kuma muka ba ku. Kuna zuwa Asabar ku koma, Allah ya saka muku wallahi muna jin daɗi, amma ni nake kwana da waken nan.

Abin da ke cina shi ne Baba ba mugu ba ne. Shi ya ba ƙungiya filin gonar gayya kyauta lokacin da kowa ke mana kallon 'yan neman kuɗin Turawa. Shi ya fara daina ƙone karan gonarsa, shi ke hana yara sare gawo. In mutum irin wannan ya zauna ya yi lissafi lissafin ya kai shi ga kwalbar fiya-fiya, to sauran fa? Kuma duk abin da na tsaya ina bayani da safe ya riga ya sani, ya ma fi ni iyawa. Mun koyar, an koya, an kare tukunyar gida. Ta wani kuma ko oho. Sai ƙosan safe ya dawo min a maƙogwaro, ina ta tunanin daga wane ɗaki nasa waken ya fito.

Abincin rana dambu da zogale, Inna ta matsa sai na ƙara. Na ci dai.

A mota na fasa maganar, ban faɗi sunan kowa ba amma duk sun gane. Ma'aji yace shi ya daɗe yana faɗa, wa'azi kawai ba zai yi ba sai mun samo masu saye, mu haɗa mutane a birni ko ashirin ne su ce za su ɗauki wake mara magani da ɗan ƙari a kan tiya, a kai musu, a juye, a maido wa manomi buhunsa. Sakatare yace mu ba 'yan kasuwa ba ne, ranar da kuɗin saye da sayarwa ya shigo ƙungiyar nan ranar za a fara zargin juna, kuma wa zai ɗauko, da wace motar, tasa? Kawu yace kuma ta ina mai saye zai tabbatar ba a sa magani ba, rantsuwa za a riƙa yi masa? Kowa da gaskiyarsa, abin haushi kenan. Aka ce a bari sai mitin. Kun san mitin ɗinmu.

Na iso gida an ɗauke wuta, Auta ta cinye min data da kallon bidiyo, Abban su na tambaya wai me ya sa na yi shiru. Na buɗe robar waken kicin na shinshina, ban ji komai ba, kuma rashin jin ba ya nufin komai.

Ban jira mitin ba, na rubuta a guruf ɗin malaman makarantarmu cewa akwai wake na manoma da na sani, wanda aka ajiye ba magani, amma zai ɗan ɗara na kasuwa kuɗi, mai so ya yi magana. Mutum biyu sun amsa zuwa yanzu. Ɗaya tace a ajiye mata tiya uku. Ɗayan yace tunda daga hannun manomi ne kai tsaye ai kamata ya yi a rage masa.

Ga takardun jarabawar 'yan aji uku ko taɓa su ban yi ba, kuma Litinin ake so.