Kayan da Inna Ta Tara Mini

Ba a gabana aka faɗi maganar ba, shi ya sa ma ta fi ci mini rai. Yarinyar da nake aika niƙa ce ta kawo mini, ita ma ba da nufin gulma ba, labarin gidan suna kawai take ba ni: wai amaryar Malam, 'yar Nijar ɗin nan, ko cokali ba a kawo ta da shi ba. Wai gado da katifa aka gani, su ma wa ya sani ko mijin ne ya saya. Wadda ta faɗa kuwa facalata ce, matar wan mijina, wadda kullum safiya nake zuwa har ƙofar ɗakinta in durƙusa in ce, "Yaya, ina kwana."

Alhali kayana suna nan jibge a kwalaye, wasu ƙarƙashin gado, wasu bayan ƙofa. Tun ina makaranta Inna take tara su. Duk ɗaukar adashi sai ta shiga Kasuwar Dole ta fito da wani abu: yau tukunyar ƙira, gobe jerin kwalla, jibi kuloli. Da aka sa rana ta sayar da tumakinta ta cika sauran. Kayan nan sun bi Matamaye da Ɗan Barto, suka tsallaka Kwangwalam, suka ratsa Daura da Kano kafin su iso Zariya, kuma ko murfi ɗaya bai ɓata a hanya ba. Sai dai gwaggonnina da suka zo jere sun leƙa kicin ɗin da aka nuna musu, suka dubi juna, suka fito. Babbarsu ta ja ni gefe ta ce, "'Yar nan, kada ki kuskura ki sa kayan uwarki a nan, baƙi za su yi kafin sati." Shi ke nan, 'yan ganin ɗaki suka zo suka tafi, ba su ga ko ludayi ba.

Gidan namu a cikin birni yake, ba nisa da Ƙofar Doka, irin babban gidan nan mai sassa da yawa. Kicin ɗin da ya faɗo a rabona na kakar mijina ne. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, daga baya aka shafe shi da siminti aka ɗora masa kwano, kuma tun kafin a haifi Malam ake hura icce a cikinsa. Kunkunniya ta yi kauri har tana reto daga katakon rufi. Taga kuwa wata 'yar kafa ce can sama, ita ma an toshe ta da tsumma saboda ɓera. Da azahar tsaka sai na haska tocila nake ganin ko miya ta tafasa. Da damina ta faɗi na ga abin da ban saba gani ba. A Damagaram ruwa roƙonsa ake yi, idan ya zo a yi murna. A nan tun daga Mayu har Oktoba sama ba ta hutawa, daɓe ya jiƙe ya yi sanyi, bango ya riƙa wari, baƙin ruwa ya riƙa ɗiga daga rufi, ba ruwansa da ko tukunya a buɗe take.

Don haka a tsakar gida nake girki da kurfoti, da tsofaffin tukwanen Hajiya, uwar mijina. Duk wanda ya gifta ya san abin da za mu ci, ya san ko akwai nama. Abin har dariya yake ba ni wani lokaci. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 gas ya shiga gidaje irin namu a Damagaram, Inna ta rage wahalar hayaƙi. Ni kuma da aka ce na yi aure a babbar ƙasa mai arzikin mai, ga ni a tsugune ina fifita gawayi da murfin bokiti.

Malam mutumin kirki ne, amma maganarsa ɗaya ce kullum: "Ki ƙara haƙuri, idan hali ya samu rushe shi za a yi a gina na bulo." Sai aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, albashinsa na koyarwa ya koma cikin tankin babur. Daga nan ban ƙara tayar masa da zancen ba.

Ina da ciki aka yi juyin mulki a Yamai, ranar 26 ga Yuli. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya. Ni da na gama shirin tafiya gida goyon ciki, har na fara ɗaure kaya. Maza suna bi ta daji a kan babura, amma wa zai ɗora mai ciki a wannan hanya? Idan na kira Inna sai ta ce in yi sauri, wayar ba caji. A tsakar gida kuwa rediyo na ta zancen za a tura sojoji, mata suna ta muhawara, idan na fito sai a yi shiru, ko wata ta ce, "To ke 'yar Nijar, me mutanenku suke nufi ne?" Kamar da ni aka yi shawara. A Zariya na haihu, haihuwar fari, ba uwa ba gwaggo. A nan dole in faɗi gaskiya game da Hajiya: ita ce take tashi tun kafin kiran assalatu ta shiga baƙin kicin ɗin nan ta hura wutar ruwan wanka, tana tari, idanunta na hawaye, safe da yamma har na yi arba'in. Kunun kanwa bai taɓa yanke mini ba.

Kuɗin barka da na samu ban saya ko ɗan kunne da su ba. Inna ma ta aiko da 'yan saifa ta hannun wani ɗan kasuwa, kuma lokacin naira ta faɗi warwas, jaka ɗaya, wato saifa 1,000, tana ba da fiye da naira 2,000. Na haɗa, na je na sami Hajiya bayan la'asar. Na ce, "Hajiya, da ina so in ɗan taɓa kicin ɗin nan, in kin yarda." Ta daɗe ba ta ce komai ba, don kicin ɗin uwar mijinta ne, a cikinsa ita ma ta yi amarci. Can ta ce, "Taɓa. Amma duwatsun murhun nan kada a yar." Ba a yar ba. Bayan kicin aka mai da su, aka kafa musu 'yar rumfa, can ake tuwon taro da dafa ruwa. Wannan ma shi ne rabin gyaran, don muddin icce na ci a ciki, ko da me aka shafe bango baƙi zai koma.

Bulo dai ya fi ƙarfina, a farkon 2024 buhun siminti ya wuce naira 10,000. Wani tsohon magini na unguwa aka kira mini. Ya ƙwanƙwasa bangon ya ce wannan gini zai binne jikokinmu, wanda ya ce a rushe shi bai san gini ba. Yana aiki yana cika baki, wai Zazzau ce gidan magina, ga Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19. Na ce masa, "Baba, ka taɓa shiga Birnin Damagaram ka ga fadar Sarki?" Ya ce bai taɓa ba. Na ce to a bar zancen.

Amma ya san aikinsa. Na so a fasa tagar ta gabas don hasken safiya, ya ce a'a, daga gabas ruwa yake bugowa, damina ɗaya za ta cinye bakin tagar. Ta kudu ya fasa, wajen tsakar gida, kuma sai da ya fara cusa azara a sama ta riƙe nauyin bangon kafin ya sa diga. Firam ɗin tsoho ne, a wajen masu sayar da kayan rusau a Sabon Gari ƙanin Malam ya samo shi, aka buga masa raga. A rufi aka cire kwano ɗaya aka sa na roba mai haske, can gefen wanke-wanke, don idan yana saman kan mai girki zafin bazara ba zai bar ta ta tsaya ba. Ranar da aka sa shi na ga kusurwoyin ɗakin nan a karon farko, har da wata tsohuwar muciya da ta maƙale bayan randa, Hajiya ta ce tun tana goyon Malam take nemanta.

Kankare bangon shi ne azabar. Ni da ƙanin Malam da almajirin gidan muka ɗaure hanci da ƙyalle, muka bi shi da burushin waya, sannan ruwan zafi da omo da toka. Har kwana biyu bayan nan idan na fyace majina baƙi nake gani. Maginin ya hana ni sayen fentin ruwa, ya ce hayaƙin da ya shekara a bango ratso shi yake yi, ya fito rawaya-rawaya kamar zanen da fitsarin yaro ya bushe a kai. Farar ƙasa muka jiƙa, na zuba mata ɗan ƙaro yadda ake yi a gidanmu don kada ta riƙa bin jikin mutum, muka shafa, ta bushe, muka ƙara, har baƙin ya daina leƙowa. Fentin mai ƙaramin gwangwani na saya, iyakarsa bayan wurin girki zuwa ƙirji, inda mai ke fantsama, don a iya gogewa da soso. Ƙasa kuwa fasassun tayil ne da ake sayarwa a buhu, kowane da launinsa, aka jera su da ɗan siminti. Kantoci ban yarda su taɓa ƙasa ba saboda gara, mai walda ya yi mini ƙarafa aka kafa a bango aka ɗora katako. Da canjin da ya rage na sayi ƙwan sola ɗaya da ƙaramar tukunyar gas ta hannu.

Ni kaɗai na yi jerena, da dare, yarinya na barci. Abin da gwaggonni da ƙawaye suke yi da guɗa da raha, ni na yi shi ina kwance igiya ina share hawaye. Da safe facalata ta leƙo, ta tsaya bakin ƙofa ta bi kantocin da kallo tun daga sama har ƙasa. Ta ce, "A'a, ashe kina da kaya haka?" Na ce, "Eh, Yaya, tun ranar da aka kawo ni suke nan." Ban ƙara ko kalma ba. Da yamma ta aiko aron babbar tukunya.

Inna a waya ta gani. Tana cewa in matsa da kyamarar, in ɗaga wancan, in buɗe wannan. Ba ta ce komai a kan taga ko tayil ba, tambayarta ɗaya: ina ƙaramar kwalla mai shuɗin fure, ta cikon jerin? Ta tuna kowane ɗaya da abin da ta biya. Tun Maris na 2024 aka buɗe iyaka, amma har yau ba ta tako Zariya ba. Baba hawan jini ya taɓa masa ƙafa, ba ya iya zuwa masallaci sai an riƙe shi, kuma ba ya karɓar abinci daga hannun kowa sai nata. Wanmu da ya kamata ya tsaya a kan gidan ya bi 'yan haƙar zinariya can arewacin Agadas, sai ya ga dama yake kira, idan ya kira ma zancen bashi ne.

Yanzu kuma ƙanwata aka sa wa rana. Ita ba ta sami abin da na samu ba, tumakin sun ƙare a kaina, adashin Inna kuma maganin Baba yake tafiya. Na yi ta sayar da zoɓo da ƙanƙara ina tarawa, na aika, da aka canza kuɗin zuwa saifa Inna ta ce, "Allah ya yi albarka," da irin muryar da na san ba su kai ko'ina ba. Canjin da ya yi mini rana lokacin gyara shi ne yanzu yake cin ƙanwata. Shekaranjiya Inna ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi jikarta, ta tambayi Hajiya, sannan ta ce ko cikin kulolin nan akwai waɗanda ba na amfani da su. Na ce akwai. Na sauke jeri guda da rabin kwallayen, na naɗe su cikin tsofaffin zannuwa. Direban da ke bin hanyar Matamaye ya ce a kai masa su Kano kafin Laraba, kuma kuɗin kwali ya ƙaru, Malam zai je su daidaita.