Ƙasa Mai Shanye Ruwa da Ƙasa Mai Riƙe Shi

Duk wanda ya taɓa gangarowa daga tudun Maraɗi zuwa bakin gulbi da damina ya san wurin da ƙafarsa take daina nutsewa cikin rairayi ta fara maƙalewa a laka. A nan ne jigawa take rabuwa da fadama, kuma a nan ne shuka take rabuwa: hatsi da wake da gyaɗa a tudu, dawa da tumatir da zogale a kwari. Rairayi yana barin ruwa ya wuce, ita kuwa laka tana riƙe shi, ta kumbura da damina, ta daddare da rani.

Na daɗe ina zaton wannan rabo namu ne mu kaɗai, sai da na karanta yadda kudancin Ingila yake. Tuddansu na alli ne, farin dutse mai taushi wanda ya samu daga ɓawon ƙananan halittun teku da suka yi ta taruwa tsawon miliyoyin shekaru. Alli yana shanye ruwan sama kamar jigawarmu, shi ya sa kwaruruwan da ke cikin tuddan galibi busassu ne, ƙasar noman da ke kansu ba ta da kauri, mutanen da suka gabata kuma suka bar wa tumaki su. A gindin tuddan akwai laka mai nauyi, mai wuyar huɗa, wadda ta ba su dazuzzuka da tubalin da aka gina Landan da shi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne mahaɗar biyun: ruwan da allin ya shanye yana sauka har ya tarar da laka, ya rasa hanya, sai ya ɓuɓɓugo. Ƙauyukansu sun jeru a kan waɗannan idanun ruwa, domin mutum ya samu makiyaya a sama da gona a ƙasa.

A ganina kakanninmu irin wannan lissafi suka yi da suka kafa tsohuwar Maraɗi a fadama, inda rijiya ba ta da zurfi kuma ƙasar gini tana kusa. Sai dai lakar da take riƙe ruwa ba ta san iyaka ba. Ambaliyar 1945 ta ci garin, aka tashe shi zuwa tudu, inda gida yake tsira amma igiyar guga take ƙara tsawo. Lambunan dai ba su tashi ba, suna nan a kwari har yau.